Taku Ashirin da Bakwai

Barking, Landan
12 ga Mayu, 1991

Yaya Jamilatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya Umma, yaya ciwon gwiwar nan tata? Ruwa ya sauka a Kaduna kuwa, ko har yanzu kuna shan zafi? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi.

Tsarabarki ta iso a jakar Baba, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma Yaya, don Allah wa yake naɗe daddawa da fallen jarida ɗaya? Duk rigunan Baba sun ɗauka, sau biyu ina wankewa, har Baturiyar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wani abu ne ya mutu a bayan gida. Na ce mata a'a, yayata ce ta tuna da ni.

To, ga maganar asibiti, tunda kin ce kar in ɓoye miki komai. Ranar Laraba muka koma karo na uku, suka nuna mana hoton ƙwaƙwalwarsa. Likitan ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka riƙa toshewa ɗaya bayan ɗaya, kuma hawan jinin nan da ya yi shekaru yana rainawa shi ya jawo. Ki gaya wa Umma ba sammu ba ne, ba kuma iska ba ce. Abin da ya manta ba zai dawo ba, mantuwar kuma gaba za ta riƙa yi. Maganin da suka ba shi na rage mata gudu ne kawai.

A ido kam lafiyarsa ƙalau. Yana cin tuwonsa, yana sallarsa, takalminsa kuwa sau uku yake goge shi kafin azahar, don in ya gama sai ya manta ya goge. Jirgin ƙasan da ke wucewa ta bayan gidanmu ya ce na Kafanchan ne. Rabin yini ni ce Jamilatu, saboda haka kar ki ce ba a tunawa da ke.

Da za mu fito, likitan ya tsayar da mu a ƙofa, ya ce in akwai abin da muke son ji daga bakinsa mu tambaya yanzu, kar mu bari sai baɗi. Na dubi mijina Yaya Isma'ila, shi kuma ya dubi ƙasa. Mu biyun abu ɗaya muka tuna.

Ke kin fi ni sanin zancen, kina da wayo lokacin, ni ina goye. Abin da na tashi na tarar shi ne, Baba da ƙaninsa Baffa Maje tare suka tafi yaƙin basasa, bataliya ɗaya, Baba ya dawo shi kaɗai. Da hannunsa ya binne shi a can Gabas. Ya dawo ya ɗauko ɗan Baffan, Isma'ila, yana shekara shida ya haɗa da mu, ya sa shi makaranta, daga baya ya ba shi ni. Shekara ashirin da uku ke nan, kuma har yau mijina bai san sunan garin da mahaifinsa yake kwance ba. Ko ƙauye ne, ko bakin hanya ne, oho.

Kin san dalili? Kara. Shi Yaya Isma'ila bai taɓa tambaya ba, wai kar Baba ya ga kamar riƙon da ya yi masa bai isa ba, har yana cigiyar wani uban. Shi kuma Baba, in dai na fahimce shi, bai taɓa ɗauko zancen ba don kar yaron ya ji kamar ana tuna masa cewa ba a gidan aka haife shi ba. Wannan na jiran wancan, wancan na jiran wannan, har aka zo inda muke yau.

A mota na yi shiru saboda Baba na nan, amma muna isowa gida na bi Yaya Isma'ila kicin na turo ƙofa. Na ce wannan ce dama ta ƙarshe, ya daure ya tambaya. Ya ce da wane bakin? Mutumin da ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa Idi, yanzu ciwo ya kawo shi gidansa, shi ne zai tsare shi ya ce ina ubana? Na ce to ni zan tambaya, ai ubana ne, kuma bakina ba shi da nauyi. Wallahi sai ya ɗaga mini murya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in na yi bai yafe ba. Ki duba fa, mutumin da aikinsa a council, wato ƙaramar hukumar nan, auna filaye ne, ya san iyakar kowane gida a Barking, amma bai san inda uban da ya haife shi yake ba. Haushi ya kama ni kamar in fasa faranti.

Kuma na san yana so, Yaya. Hoton Baffa da kakin soja yana aljihun jakar aikinsa, na sha ganin ya ciro ya duba ya mayar in ya zaci hankalina na wani wurin.

Taimakon da za ki yi mini shi ne ki samu Umma ita kaɗai, ki bi ta a hankali, ki ji ko Baba ya taɓa faɗa mata sunan garin. Ni an ɗaure mini baki, ke ba a ɗaure miki ba. Ki rubuto da wuri, kar ki yi mini irin taki ta wata uku.

Ki gai da Umma da kyau, ki gai da maigidan da yara. Baba ma yana gaishe ku, yau ya tuna sunan kowa.

Ƙanwarki,
Hadizatu


Barking, Landan
29 ga Mayu, 1991

Yaya Jamilatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya, Umma da ku duka. Na san wataƙila takardata ta farko ma ba ta iso ba, amma ba zan iya jira ba. Sau biyar ina gwada waya, layin Kaduna ya ƙi shiga. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Shekaranjiya Litinin bank holiday ce, ba aiki. Saani, abokin Yaya Isma'ila, mutumin Kumasi da ke zaune a Leicester, matarsa ta haihu, ranar ce suna. Likita dama ya ce fita za ta yi wa Baba amfani, sai muka tafi da shi. Ya sha farar babbar riga da suwaita a ciki, ya zauna gaba yana yaba hanyar Turawa.

Mun wuce Northampton kaɗan sai motoci suka cunkushe, ba gaba ba baya. Mijin ƙanwarki ya ce ya san wata hanyar yanke, ya sauka daga babban titi ya shiga ƙauyuka. Ba sai na gaya miki ba, mai auna ƙasa ya ɓata. Hanya 'yar siririya, shinge hagu shinge dama, ba kowa sai tumaki. Azahar ta yi, Baba ya ce shi fa a tsaya. Muka samu ɗan wurin ajiye mota a gefen hanya, da wata 'yar turba da ta shiga cikin fili zuwa wani dogon dutse da aka gina. Muka yi alwala da ruwan gora, muka yi salla a kan ciyawa.

Da aka idar, Baba ya hango dutsen ya tambaya kabarin wa ne. Yaya Isma'ila ya je ya karanta allon da ke wurin, ya dawo yana fassara masa. Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da na taka masa ƙafa. Ya ce sunan wurin Naseby, a nan Turawan Ingila suka gwabza nasu yaƙin basasar fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, sojan sarki da sojan majalisa, an kashe mutane da yawa a wannan fili a yini ɗaya. Baba ya ce ashe su ma. Daga nan ya tsaya yana kallon filin, yadda ya gangara ya sake hawa can gaba.

Sai ya tuɓe takalmi da safa ya miƙo mini. Ya yi sallama irin wadda ake yi in za a shiga maƙabarta. Na ce Baba ciyawar da sanyi, ko waiwayowa bai yi ba. Yaya, tafiyar da ya yi ban ga ya yi irinta ba tun ina firamare, ƙirji a gaba, kai a sama. Ya bar turbar ya nufi wata babbar bishiya a bakin shinge, ya jingina bayansa da ita, ya duba rana, ya fuskanci gabas. Sannan ya fara takawa yana ƙirgawa da ƙarfi. A ashirin da bakwai ya tsaya, ya tsuguna, ya dafa ƙasa da tafin hannu. Ya kira Isma'ila, ya ce masa ga ubanka nan.

Tunda nake ban taɓa jin Baba ya ce wa Yaya Isma'ila ubanka yana nufin wani ba shi ba. Shi ma ina jin bai taɓa ji ba, don nan take ya zube a gefensa.

Abin da ya riƙe shekara ashirin da uku, a nan ya zazzage shi duka. Ya ce da rana tsaka aka yi musu kwanton ɓauna a bakin wata 'yar gada, harsashi ya samu Baffa a ciki. Shi da Kofur Katung suka ɗauko shi zuwa wata makarantar firamare da rufinta ya ƙone, ya cika a hannunsa kafin la'asar. Ba ruwan wanka, taimama ya yi masa. Ba likkafani, a bargon soja ya naɗe shi. Akwai bishiyar mangwaro a filin makarantar, an rataya mata ƙarfen tayar mota da ake bugawa a kira yara aji. Daga gindinta ya ƙirga taku ashirin da bakwai zuwa gabas don kar wurin ya ɓace masa, suka haƙa da shebur ɗaya suna karɓa-karɓa. Shi kaɗai ya yi masa salla. Katung Kirista ne, sai ya tsaya a bayansa da bindiga yana gadi har ya sallame.

Yana faɗa yana nunawa, Yaya. Ga makarantar can, ga gadar can ƙasa, ga mangwaron. Mu kuma ba abin da muke gani sai ciyawa da tumakin Bature.

A nan ne mijina ya tambaya. Bayan shekara ashirin da uku, ya buɗe baki yana kuka ya ce Baba yaya sunan garin nan? Baba ya dube shi da mamaki, ya nuna allon da aka karanta masa ɗazu, ya ce kai da ka yi boko, ga allon makarantar can, ka karanta mana. Ya sake tambaya ta wata hanya, daga wane gari kuka taso, ina kuka nufa. Baba ya ce me zai yi da suna, tunda ga shi ya kawo shi da ƙafarsa?

Ni dai ina tsaye rungume da takalmi, na rasa wanda zan kama a cikinsu. Suka ɗaga hannu suka yi wa Baffa addu'a mai tsawo, ni ma na ɗaga nawa, to me zan yi? Wani tsohon Bature da matarsa sun zo da karensu za su wuce, da ya gan mu sai ya cire hularsa ya tsaya har muka shafa.

Ba mu isa gidan sunan ba sai bayan la'asar. Baba ya ci shinkafa faranti biyu, ya yi ta zolayar Saani. A hanyar dawowa ya ce yau ya sauke nauyin da ya fi kowane nauyi, ko yanzu Allah ya ɗauki ransa ba shi da kaico. Da muka tsaya shan mai, Yaya Isma'ila ya ja ni gefe, idonsa jawur, ya ce kar in kuskura in gaya wa Baba cewa ba nan ba ne. Wai a bar shi ya huta.

Saura mutum ɗaya a duniya da ya san wurin. Kin tuna Baba Katung, mai kawo mana citta a buhu duk Sallah, mai dariyar nan da ake ji tun daga zaure? Mutumin wajen Zonkwa ne. Don girman Allah ki roƙi maigidanki ya je ya nemo shi, ko Asabar ɗaya ce. Sunan gari kawai muke so.

Ki gai da Umma, amma kar ki karanta mata wannan tukuna. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Hadizatu


Barking, Landan
21 ga Yuli, 1991

Yaya Jamilatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, da fatan an yi Babbar Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Yaya Umma, yaya yara da makaranta? Takardunki biyu tare suka iso ranar Alhamis, na karanta su a tsaye a bakin ƙofa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe Baba Katung shekara biyu ke nan da rasuwa, mu ba mu ji ba? Kai, mun yi abin kunya. Ki yi wa maigidanki godiya, ya sha hanya saboda mu, Allah ya saka masa. Abin da ɗansa Ephraim ya faɗa bai ba ni mamaki ba, wai shi ma bai taɓa yi musu hirar yaƙi ba, sai dai sun san ba ya cin mangwaro. Duk haka suke, sun dawo sun kulle bakinsu sun bar mu da tambaya. Umma kuma kin ce Gabas kawai ta sani, takardar sojan da ta ajiye ma kwanan wata kawai ke jiki. To, shi ke nan ta wannan wajen.

Na gaya wa Yaya Isma'ila bayan ya ci abinci. Ya ce Allah ya ji ƙan Baba Katung da alherinsa, ya tashi ya wanke hannu, ya daɗe a gaban famfo.

Yanzu karar ta tafi, lokacin da tambayar ba ta da sauran amfani. Ya je cikin gari ya sayo manyan taswirori na Gabas, duk Lahadi sai ya shimfiɗa su a falo, ya zauna a ƙasa gaban Baba yana karanto masa sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya, wai ko Allah zai sa wani ya tsaya masa. Nsukka, Awka, Okigwe, har ƙananan da ni ban iya faɗa ba. Kowanne aka kira sai Baba ya gyaɗa kai ya ce e, nan ma mun je. Makon jiya ya kira masa wani gari da ya ƙirƙira da kansa don ya gwada, Baba ya ce nan ma sun je, har sun kwana biyu.

Ranar nan kuma Baba ya harzuƙa. Ya ce wai me ake nema ne, ba ya riga ya kai shi ba? Ko tuhumarsa ake yi? Yaya Isma'ila ya ba shi haƙuri, ya naɗe taswirorin ya ɗora kan kabad. Daga baya ya ce mini in da a ce makarantun firamare masu bishiyar mangwaro guda goma ne a Gabas, da ya ajiye aiki ya bi su da ƙafa. Amma sun fi ɗari nawa? Kuma wa ya ce bishiyar na nan har yau?

Na so in ce masa da ka ji maganata tun a watan Mayu, kai, da ka tambaya tun shekara goma da suka wuce. Maganar ta zo har bakina, na haɗiye. Ya rame, Yaya, wandunansa duk sun yi masa yawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ranar Idi ne a masallacin Regent's Park. Bayan an sauko, mutanenmu na Kano da Kaduna sun taru ana gaisawa, Baba ya riƙe hannun Yaya Isma'ila yana gaya wa kowa cewa Allah ya nufa ya kai ɗansa ziyarar kabarin mahaifinsa. Wani dattijo ya ce masha Allah, a ina? Baba ya ce nan kusa, tafiyar awa biyu a mota. Mutane suka juyo suna kallon mijina. Ya yi murmushi ya ce haka ne. Ni ina can gefe da mata, na ja mayafi na rufe fuska.

Likita ya ce ba abin da ya rage da za a yi masa a nan wanda ba za a iya a gida ba, Baba kuma kullum Umma yake tambaya. Mun yi booking na jirgi a tsakiyar Agusta, Yaya Isma'ila zai rako shi.

Ki gai da kowa da kowa. In maigidanki ya sake bi ta Zonkwa, ya yi mana ta'aziyya wurin Ephraim da mahaifiyarsa.

Ƙanwarki,
Hadizatu


Barking, Landan
17 ga Agusta, 1991

Yaya Jamilatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ina fata kuma wannan ta same ki tare da su Baba sun sauka lafiya. Yaya Isma'ila ne zai miƙa miki ita da hannunsa. Na liƙe ta da kyau, bai san abin da ke ciki ba. Ki karanta ke kaɗai, kuma kar ya ga komai a fuskarki. Magungunan Baba suna cikin jakar hannu, na rubuta lokacin kowanne a jikin kwalinsa.

Ranar Talata da hantsi, Yaya Isma'ila na wurin aiki, na zaunar da Baba a bakin taga ina yanke masa farce. Jirgi ya wuce ta bayan gida. Ina jira ya ce na Kafanchan ne, sai ya ce wannan shi ne jirgin da Isma'ila yake hawa zuwa cikin Landan ko? Na ɗago. Idonsa tar, Yaya, Babanmu ne sak, wanda kika sani. Ya kira ni Hadizatu. Ya tambayi watan da muke ciki, na faɗa masa. Ya tambaya tun yaushe yake nan, na ce tun bayan ƙaramar Sallah, bai je ko'ina ba.

Ya kalli hannunsa. Can sai ya ce, to in haka ne, filin nan da ya kai Isma'ila, a ƙasar Turawa yake ke nan. Ba tambayata yake ba, ya riga ya gano. Na ce e, Baba.

Ya ce inna lillahi, ya maimaita ya fi sau biyar. Sannan ya ce in kawo biro maza. Na zuba da gudu har na yi tuntuɓe da kujera, na dawo da biro da bayan ambulan. Ya rufe ido. Ya ce yana ganin allon makarantar, fari ne da rubutu shuɗi, yana ganin gadar, yana jin ƙarar ƙarfen nan in iska ta kaɗa shi. Leɓensa na motsi. Na ɗora biro a kan ambulan ɗin ina jira. Ya ce yana nan a bakinsa, yanzu zai fito. Mun fi rabin awa a haka. Gumi ya jiƙa masa hula. Daga ƙarshe ya buɗe ido ya ce ya tafi, Hadizatu, babu shi.

Ban taɓa ganin Baba ya yi kuka irin na ranar ba, ko a filin bai yi haka ba. Ya ce shekara da shekaru yana maimaita sunan a zuciyarsa bayan kowace salla don kar ya manta, yana jiran ranar da yaron zai tambaya. Ya ce shi ya cuce shi, da ya faɗa tun yana da baki. Na ce Baba bari in kira shi a ofis yanzu, ku zauna tare ko zai dawo. Sai ya damƙe mini hannu. Ya ce a'a. Wai yaron ya riga ya samu wurin da ya durƙusa ya yi wa ubansa addu'a, ya ga hankalinsa ya kwanta, kar in ƙwace masa. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya masa cewa ba nan ba ne.

Kin ji fa. Wancan ya ce kar in gaya wa Baba, Baba ya ce kar in gaya wa wancan. Kowannensu ya san gaskiya, kowannensu yana lallaɓa ɗan'uwansa, ni kuma sun sa ni a tsakiya da alkawari biyu. Na yi ta tunanin in karya ɗaya. To in na karya me za a samu? Sunan dai ba zai fito ba, sai dai in ƙwace wa kowannensu ɗan abin da yake ganin ya yi wa ɗayan.

Kafin azahar ya koma yana goge takalmi, ni kuma na koma Jamilatu. Na ce ma ko ya manta da hirar gaba ɗaya.

Yau da yamma bayan mun gama ɗaure kaya, Yaya Isma'ila ya zo ya durƙusa a gabansa ya cire hula. Ya ce yana so ya yi godiya kafin su shiga cikin jama'a a gida. Ya gode da riƙo, ya gode da makaranta, ya gode da ni, sannan ya gode da aka kai shi ya ga inda mahaifinsa yake. Baba ya dafa kansa ya yi ta sa masa albarka, ya ce ya riƙa zuwa ziyara tunda kusa ne. Ina tsaye a ƙofar kicin da tiren shayi. Baba ya ɗago ta saman kan Yaya Isma'ila ya yi mini kallon nan da yake mana in muna surutu gaban baƙi. Bai manta ba, Yaya. Na koma kicin na ajiye tiren, na buɗe famfo don kar su ji ni.

Ga abin da nake roƙonki. Ki ajiye biro da takarda a ɗakin Baba, ki ajiye wani a tsakar gida inda yake zama. Duk sunan garin da ya fito daga bakinsa, ko a tsakiyar cin tuwo ne, ko bai yi kama da sunan komai ba, ki rubuta. Kar ki tambaye shi, kar ki gyara masa. Ki rubuta kawai ki aiko mini. Ban san abin da zan yi da su ba, amma ki aiko.

Ki gai da Umma, ki ce mata na yi iya yina. Ki kula mini da mijina kwana bakwan da zai yi, ki matsa masa ya ci abinci. Allah ya ji ƙan Baffa Maje a duk inda yake kwance.

Ƙanwarki,
Hadizatu